Ƴar Ruwa Biyu a Nahawun Ingilishi

A Kwaya na tarar da ƴar ƙanwata bayan la'asar, zaune kan tabarma a inuwar dogon yaro, kaye buɗe bisa cinyarta. Ta ja layi biyu da biro ta raba shafin gida uku, tana bi da yatsa tana rerawa da irin muryar da take tilawa da ita a makarantar allo: "go, went, gone, eat, ate, eaten, break, broke, broken." Tana ajin ƙarshe na kolej, jarrabawar BEPC na gabanta, kuma ta haddace irin waɗannan sun fi hamsin ba tuntuɓe. Na ce, "Ƴata, gidan farko na gane, na biyu ma na gane. Wannan na ukun me ake yi da shi?" Ta ce, "Kawu, mushe ya ce participe passé ne." Na ce, "To me ke nan da Hausa?" Ta dube ni, ta dubi kaye, ta yi shiru.

Ko taku uku babu tsakaninta da mahaifiyarta, wadda ke auna gyaɗar talla da gwangwani, tire biyu a gabanta. Na nuna na dama na ce wace irin gyaɗa ce wannan? Yarinyar ta ce dafaffiya. Na hagun fa? Soyayyiya. Abin da ta kasa gaya mini ke nan, ga shi ta faɗe shi sau biyu ba ta ko tsaya tunani ba. Gida na uku na kayenta shi ne gidan dafaffe da soyayye da karyayye da rubutacce. Tun tana goye take jin irinsu, amma a shekarun da ta yi tana karatun Ingilishi ba a taɓa haɗa mata su da abin da ke kan allo ba.

Dalilin a fili yake. A Nijar sai yaro ya shiga kolej yake fara Ingilishi, bayan shekara shida ta firamare da Faransanci, kuma idan malami ya zo bayani da Faransancin yake yi. Wato ana koya wa yaro sabon harshe ta bakin wani harshen da shi ma bai gama zama a bakinsa ba. Alhali a wannan yanki Ingilishi ɗan gari ne. Daga Magariya ka bi ta Tinkim ka faɗa Babban Mutum, mutanen Dungas kuwa ranar Alhamis suna kasuwar Maigatari. Sabulu da taliya da batir da maganin zazzaɓi duk da rubutun Ingilishi a jikinsu suke shigowa, wayar hannun da aka sayo Kano da shi take magana. Ga kuma kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025, wanda ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Idan har wannan magana za ta sauko daga takarda ta shiga aji, to a irin wannan ƙaramin darasi za a fara ganin ta.

Kalmar da Turawan Ingila suke kira "participle", Faransawa su ce "participe", asalinta daga Latin ne, su ma Rumawa fassara suka yi daga Girkanci, ma'anarta mai tarayya. Tun fiye da shekara dubu biyu, a littafin nahawun da ake danganawa ga Diyonisiyus Tiraks, an ware mata gurbi nata cikin azuzuwan kalmomi takwas, saboda an lura tana da rabo a gida biyu. Daga aikatau aka haife ta, tana ɗauke da ma'anar aiki, amma tana iya zama inda sifa ke zama, ta bayyana yadda abu yake. Mutanen bakin iyaka sun fi kowa sanin irin wannan hali, wanda uwarsa ƴar Magariya ce ubansa mutumin Daura: ɗan ruwa biyu, ko'ina ya je gida ne. Ni a nan zan riƙa kiran ta sifa ƴar aikatau, don sunan ya faɗi uwar ya faɗi aikin.

Hausa tana da ita, kuma da tsari mai kyan gaske. Ka ɗauki aikatau, ka maimaita baƙin ƙarshe ka ninka shi: dafa ta ba da dafaffe, wanke ta ba da wankakke, gyara gyararre, sani sananne. Mace dafaffiya, jam'i dafaffu. Inda baƙin ƙarshe "t" ne sai ya rikiɗe a gaban wasalin "e", shi ya sa muke cewa rubutacce amma rubutattu, lalatacce amma lalatattu, haka ma "s" a busasshe da busassu. Paul Newman ya yi wa wannan gini bayani filla-filla a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, sai dai tsohuwar da ke sayar da busasshiyar kuɓewa a kasuwar Kwaya ba ta taɓa kuskurensa ba. Wannan ɓangaren wanda aka yi wa aikin ke nan. Mai yin aikin kuwa muna fitar da shi da "mai": ruwa mai gudu, yaro mai kuka, ko mu ce yaron da ke kuka.

Wanda ya zauna gaban malamin zaure ya taɓa Alfiyya ta Ibn Malik ko Lamiyyatul Af'al ya riga ya san wannan rabo da wasu sunaye: ismul fa'ili da ismul maf'uli. Katib mai rubutu, maktub rubutacce. Hamid mai yabo, Mahmud wanda aka yaba. Kalmomin da muka aro tuntuni har muka manta aro ne, malam da alƙali da almajiri, duk ismul fa'ili ne a Larabci. Na sha ganin dattijon da bai taɓa shiga lakwal ba ya kama zancen nan take da an ce masa haka, jikansa mai takardar boko yana ta lalube.

Ingilishi ma biyu gare shi. Ta farko tana ƙarewa da "-ing": "boiling, crying, running". Ta biyu ita ce ta gida na uku, wadda yawanci ke ƙarewa da "-ed": "boiled, cooked, washed", sauran kuma irin su "broken" da "written". Littattafai suna kiran ta farko ta yanzu, ta biyu ta da, kuma wannan suna ya ɓatar da ɗalibai da yawa, don ko ɗaya cikinsu ba ta nuna lokaci. "He was sleeping" zancen jiya ne, ga "-ing" a ciki. "The ram will be sold" zancen gobe ne, za a sayar da rago, ga ta gida na uku a ciki. Lokaci yana jikin ƙaramin aikatau da ke gabanta. Abin da ita take nunawa daban ne: ta farko mai yi ne, aiki na gudana, ta biyu wanda aka yi wa ne, ko abin da aikinsa ya kammala. Da za a bar ni, "ta mai yi" da "ta wanda aka yi wa" zan sa yara su rubuta a kan kayensu.

Ka ɗauki ruwa. "Boiling water" ruwa ne mai tafasa, yana kan wuta yana ɓararraka, in ya zuba maka sai asibiti. "Boiled water" tafasasshen ruwa ne, an tafasa shi an sauke, wataƙila ma ya huce sarai. Takardar da ke cikin kwalin maganin yara na gari, wanda ake zuba wa ruwa a girgiza, takan ce a sa "boiled and cooled water". Wanda ya karanta wa uwa wannan takarda bai bambance ƙarshen kalmomin biyu ba yana iya sa ta zuba ruwan zafi ta lalata maganin. Haruffa biyu ko uku ne a wutsiyar kalma, amma Bahaushe ba zai taɓa rikita mai tafasa da tafasasshe ba, don haka babu dalilin da zai rikita su da Ingilishi in an nuna masa cewa su ne.

Wannan ma'auni shi ne ke warware rikicin da ya fi kowanne yawa a takardun ɗalibai, na kalmomin jin jiki da zuciya. "Tired" gajiyayye ne, "tiring" mai gajiyarwa. Noman huɗa "tiring" ne, manomi da yamma "tired". Haka "frightened" tsoratacce, "frightening" mai ban tsoro; "confused" rikitacce, "confusing" mai rikitarwa. Yaron da ya ce "I am boring" yana nufin zama ya ishe shi, abin da ya fito bakinsa kuwa shi ne shi mai gundurar mutane ne. A nan Faransanci ya taimaka, don yana da "fatigué" da "fatigant", "intéressé" da "intéressant", rabon iri ɗaya ne. Haka ma abin da ake ji a rediyo kullum, ƙasashe masu tasowa da ƙasashen da suka ci gaba, ba komai ba ne illa "developing" da "developed".

Batun ginin kalmar ba shi da wuya sosai. Ta "-ing" ba ta da gardama, kowane aikatau haka yake yi, sai ƴan ƙa'idojin rubutu: "make" ta yar da wasalin ƙarshe ta zama "making", "stop" ta ninka baƙi ta zama "stopping", "lie" ta koma "lying". Ta "-ed" a rubuce sauƙi gare ta, a baki ne take ba mu wahala, don furuci uku gare ta. A "cooked" da "washed" kamar "t" take fita, a "boiled" da "closed" kamar "d", sai bayan "t" ko "d" kaɗai take zama gaɓa mai zaman kanta, kamar a "roasted" da "needed". Harshen Bahaushe ba ya son baƙaƙe su taru a ƙarshen kalma, don haka ɗayan biyu yake yi: ko ya cusa wasali ya ce "kukid", ko ya haɗiye wutsiyar gaba ɗaya ya ce "kuk". Na biyun ya fi ɓarna, saboda abin da kunne bai ji ba hannu ba ya rubuta shi. Yawancin "-ed" da ke ɓacewa a takardar jarrabawa a baki suka fara ɓacewa.

Sai masu taurin kai, waɗanda ƴar ƙanwata ke rerawa. Sun kai wajen ɗari biyu, kuma su ne aikatau na yau da kullum, ci da sha da tafiya da gani, don haka ba makawa sai an haddace. Ba na raina hadda. Mutanen da suka tashi da allo da tawada sun san amfaninta. Abin da nake ƙi shi ne a jera su bisa harafin farko kamar sunayen masu zaɓe. Dangi-dangi suke. Akwai waɗanda ba sa motsi ko kaɗan, "cut, put, shut". Akwai waɗanda gida na biyu da na uku ɗaya ne, "bought, sold, made, sent". Akwai masu sauya wasali sau uku, "drink, drank, drunk", da ƴan'uwansu "sing" da "begin". Akwai masu ƙarewa da "n", "spoken, stolen, taken, given". Yaron da ya haddace su dangi-dangi, in ɗaya ya kuɓuce masa ɗan'uwansa zai tuna masa.

Akwai wani nauyi da ya kamata a sauke wa ɗalibinmu tun ranar farko. Duk wanda ya yi lakwal a Nijar ya san azabar daidaita "participe passé" a dikte: a ƙara "e" in mace ce, "s" in jam'i ne, in kuwa da "avoir" ne sai an duba ko abin da aikin ya faɗa wa ya riga shi zuwa. Mawaƙin Faransa Clément Marot ne ya tsara wannan ƙa'ida ta ƙarshe cikin waƙa a 1538, har yau Faransawa da kansu suna faɗuwa a kanta. Yaro yana jin an ce "participe" a ajin Ingilishi sai gabansa ya faɗi, yana zaton irin waccan ce. Ingilishi bai san wannan ba sam. "Broken" ɗaya ce ko sanda ce ko tulu ko ƙafafu goma. Mu ne ma, da karyayye da karyayyiya da karyayyu, muka fi kusa da Faransanci a nan.

Inda aikin yake da gaske shi ne inda sifa ƴar aikatau ta haɗu da mataimaki. Ita kaɗai ba ta riƙe jimla. Ba a cewa "He sleeping" ko "She gone" a rubutun makaranta, sai an sa mata "is" ko "has" ko danginsu a gaba, kamar amalanke ne, komai kyansa sai an ɗaura masa sa. Haɗin kuwa uku ne, kuma kowanne da inda Hausa ke taimako da inda take yaudara.

Na farko "be" da "-ing", aikin da ake cikin yi. "She is cooking" tana dafawa, "they were farming" suna noma a lokacin. Faransanci ba shi da wannan gini, "elle cuisine" kawai zai ce ko ya yi dogon zagaye da "en train de", shi ya sa ɗalibin da ke fassara daga Faransanci yake rubuta "I eat now". Da daga Hausa ya taso da bai faɗi ba, don ina, kana, yana, tana su ne ainihin abin. Amma Hausa tana amfani da "ina" a wuraren da Ingilishi ba ya yarda da "-ing". Muna cewa ina da babur, ina son shayi, ina jin ka. Yaro sai ya kwafa ya ce "I am having a motorcycle", "I am wanting tea". Mallaka da so da sani da ji, a wurin mai Ingilishi hali ne da mutum yake ciki, ba aikin da yake gudanarwa ba, don haka "I have", "I want", "I know" ake cewa. Wannan kam sai an ja kunne, don ko a tsallaken iyaka za ka ji ana faɗin na farkon a kasuwa, mai gyaran takarda kuwa jan biro zai sa masa.

Akwai wani wuri mai daɗi a nan. Hausa ta bambanta yana zama da yana zaune, yana kwanciya da yana kwance. Na farko motsi ne, na biyu hali. Ingilishi "he is sitting" yake ce wa wanda ke zaune, "he is lying" wanda ke kwance, Faransanci kuma ya bi ta ɗaya hanyar ya ce "il est assis". Harsuna uku, hanya uku, kuma namu ne ya fi rarrabewa.

Na biyu "have" da gida na uku. "I have eaten" na ci, wato a ƙoshe nake yanzu. "He has gone to Kano" ya tafi Kano, yana can bai dawo ba. Aikin ya wuce amma sawunsa na nan. A nan ne Faransanci ya fi yi wa yaranmu illa, don "j'ai mangé" da "I have eaten" kamar an tsaga kara suke a ido, alhali aikinsu ya bambanta. Bafaranshe yana cewa "je l'ai vu hier" lafiya lau. Da Ingilishi kuwa, da zarar ka ambaci lokacin da ya shuɗe, jiya ko bara ko 2020, sai ka koma gida na biyu: "I saw him yesterday". Hausa ba ta ba da mafita kai tsaye, don "na gan shi" ɗaya ce a duka biyun. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a gwada saka "riga" ko "taɓa": in jimlar ta karɓi na riga na ci, ko na taɓa zuwa Damagaram, ko ban taɓa hawa jirgi ba, to "have" ce. Sannan tunda Faransanci yana cewa "je suis allé", yara kan rubuta "I am gone to the market". A Ingilishin yau "have" ce ke ɗaukar wannan aiki duka.

Na uku shi ne wanda ke kewaye da mutumin Kwaya ko bai sani ba: "be" da gida na uku, inda ake faɗin abin da aka yi ba tare da an damu da wanda ya yi ba. Mu da "an" muke wannan. An sayar da rago, "the ram was sold". An sace babur, "the motorcycle was stolen". Ka juya kowane kwali a shago za ka ga "Made in Nigeria" ko "Made in China", an yi a wuri kaza, an taƙaita ne an jefar da mataimakin. Ka duba waya: "missed call" kiran da aka rasa, "sent" an aika, "blocked" an toshe, ga kuma ƴar'uwarta, "charging" yana shan caji, "incoming call" kira mai shigowa. Ɗan cirani da ya tsaya gaban mai POS a Kano ya san bambancin "approved" da "declined" tun kafin ya san ana kiran su da wani suna a nahawu. Malamin da ya shigo aji da kwalin sabulu da tsohuwar waya ya shigo da rabin darasinsa.

Sai dai Ingilishi yana cusa abu uku cikin kalma ɗaya inda mu muke da uku. Kowa a nan ya tuna watan Agusta 2019, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, har zuwa Disamba 2020 da aka buɗe guda huɗu, ciki har da ta Maigatari. "The border was closed in 2019", an rufe iyaka, aiki ne da wani ya yi. "The border is closed", iyaka tana rufe, hali ne da ake ciki. "A closed border", rufaffiyar iyaka, sifa ce. An rufe, a rufe, rufaffiya: duka "closed". Ɗalibin da aka ce masa ya tambayi kansa wanne cikin ukun nan ake nufi zai fahimci jimlar fiye da wanda aka ba ƙa'ida da Faransanci ya haddace.

Haihuwa da mutuwa su ma suna kayar da yara, kuma a tambayar farko ta gabatar da kai. "Je suis né" takan zama "I am born in 2010". Hausa ta faɗi daidai: an haife ni, aiki ne da aka yi a baya, "I was born". "Il est mort" kuma takan zama "he is died". Ya mutu "he died" ne ko "he has died", matacce kuwa kalmarsa daban, "dead".

Ba kowace "-ing" ce sifa ba, kuma wannan ya dami har malamai. A tsohon Ingilishi na shekara dubu da suka wuce ƙarshen biyu daban suke, ta mai yi tana ƙarewa da "-ende", sunan aiki kuma da "-ing" ko "-ung", daga baya suka narke suka zama ɗaya. Har manyan masana irin su Huddleston da Pullum, a nahawunsu na Kambirij na 2002, suka ga gara a haɗe su a suna guda. Mai koyo dai yana bukatar ya rarrabe ma'ana, kuma Hausa tana yanke wannan da wuƙa ɗaya. "Running water" ruwa mai gudu ne, ruwan ne ke gudu. "Drinking water" ruwan sha ne, ruwan ba ya shan komai. "A sleeping child" yaro mai barci, "a sleeping mat" tabarmar kwanciya. "Cooking oil" man girki. In fassarar ta zo da "mai", sifa ce. In ta zo da "-n" ko "-r" ta mallaka, ko ta tsaya ita kaɗai kamar shan taba a "No smoking", to suna ɗan aikatau ne. Ban san wata ƙa'ida a littafi da ta kai wannan gwaji sauri ba.

Aiki na ƙarshe na masu shirin bakaloreya ne da masu niyyar karatun Ingilishi a jami'a: taƙaita jimla. Maimakon "the man who is selling sugar cane" sai a ce "the man selling sugar cane", mutumin da ke sayar da rake. "Having finished the harvest, they left for Kano", da suka gama girbi sai suka tafi Kano. Tarkon da ke ciki ya fi kama Bahaushe, kuma dalilinsa abin lura ne. Mu muna cewa, ina tuƙi zuwa Magariya sai taya ta fashe, magana ta yi daidai, don "ina" ta riga ta faɗi wanda ke tuƙin. Sifa ƴar aikatau ta Ingilishi ba ta ɗauke da mutum a jikinta, sunan da ya biyo bayan waƙafi take kamawa. Wanda ya rubuta "Riding to Magaria, the tyre burst" ya ɗora taya a kan sirdi ke nan. Gyaran shi ne a maido da mutumin yadda Hausa ta yi: "While I was riding to Magaria, the tyre burst."

Na san abin da wasu malamai za su ce, kuma ba zancen banza ba ne. An horar da su cewa a ajin Ingilishi Ingilishi kaɗai ake yi, kuma yaron da ya saba fassara kowace kalma bakinsa ba zai taɓa sakewa ba. Akwai kuma ƴaƴan Fulani a ajin, ga malamin da aka turo daga yamma wanda Zabarmanci ne harshensa. Na yarda da rabin farko: hira da karatu da waƙa a yi su da Ingilishi. Amma a gaskiya ajin ba Ingilishi kaɗai ake yi ba, da an zo wurin wuya Faransanci ake komawa. To tunda dole sai an jingina da wani harshe na minti biyar, me ya sa ba za a jingina da wanda yaro ke mafarki da shi ba? A Magariya da Dungas ko wanda ba Bahaushe ba da Hausa yake ciniki. Kuma wannan tunani ba sabo ba ne a jihar nan: a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida tare da Faransanci, tun 1973. Abin da ya rage shi ne a bar wannan haske ya ƙetara zuwa kolej, ya shiga ajin Ingilishi.

Kafin magariba na sa ƴar ƙanwata ta ja layi na uku, shafin ya zama gida huɗu. Gaban "broken" ta rubuta karyayye, ta tsaya, ta ƙara fasasshe, ta ce ai in tulu ne ba a ce ya karye. Gaban "written" rubutacce, "stolen" satacce, "known" sananne, "chosen" zaɓaɓɓe, "forgotten" mantacce. Hannunta na gudu har ta iso "come" da "been", nan ta cije. Ta juya su a baki ta rasa. Na ce ta bar gurbin, waɗannan ba su da irin wannan ƙira a Hausar da muke yi, aikinsu a bayan "have" yake, sai dai ta rubuta jimla: ya riga ya zo, na taɓa zuwa. Ta rubuta su da ƙananan haruffa a gefen shafi, mahaifiyarta na kiran ta ta zo ta ɗauki tiren dafaffiyar kafin masu fitowa daga masallaci su watse.